Taunar Inna

'Yan uwa, ku matso kusa, yau kam zan amayar da abin da na daɗe ina haɗiyewa. In zagina za ku yi, ku bari in kai ƙarshe tukuna. Sunana Kaltume, 'yar Boɗinga, jikar Inna mai kindirmo, wadda ko fataken Gwanja suka sauka zangon garinmu ƙwaryarta suke fara tambaya kafin su tambayi rijiya. Kuma ni ɗin nan da kuke ji, da hannuna na saci abu daga bakin kakata saboda ɗa namiji.

Namijin kuwa Lirwanu ne, ɗan Shagari, masu shanu ne tun kaka da kakanni. Ku ji mini mutum: gidansu nono har zubarwa ake yi, amma duk ranar kasuwa sai ya yi tafiyar rabin wuni ya zo ya tsuguna gaban ƙwaryata wai ƙishirwa yake ji. Ya yi karatun allo har ya sauke, ni ma ina haɗa baƙi daidai gwargwado, don haka in ya shanye sai ya rufe ƙoƙon da faifai ya turo mini, a ƙarƙashin faifan kuwa akwai guntuwar takarda da rubutun ajami. Ta farko da ya taɓa bar mini cewa ya yi: "Ki riƙa dariya a hankali, haƙoranki na hana ni ganin hanya." Ƙarya dai irin ta samari, amma wallahi sai da na kwana bakwai da takardar a lalitata.

Magabata sun gana, an yi na'am. Abu ɗaya ya rage, mahaifiyarsa ta zo ta ga gida. Sunanta yana yi mini nauyi a baki, amma don ku gane, Mairama take, shi kuma Dada yake ce mata.

Ranar da za ta zo, tun da safe muka yi wa tsakar gida sharar da ko allura ta faɗi a gani. Inna ta sauke jeren ƙorenta ta goge su ɗaya bayan ɗaya ta mayar, aka shimfiɗa sabuwar tabarma mai jan baki a ƙofar ɗakinta. Ni kuwa na ɗaura zanena na saƙi baƙi mai shuni wanda har yake rina mini ƙugu, na zuba duwatsun tsakiya a wuya, mundayen jan ƙarfe uku uku, kwalli har gefen ido, sannan na goga furen taba a haƙora suka yi jawur kamar yadda 'yan matan lokacinmu ke yi. Hauwa'u, matar yayana Sodangi, tana goye da jaririnta Ɗantani, ta kalle ni ta ce, "Wagga kwalliya ko matar sarki!" Na ce ta rufa mini asiri.

Da hantsi sai ga Dada a kan jaki, doguwa, siririya, ta yafa gwado, tana riƙe da ƙunshin goro a ganye. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi shanu, aka tambayi damina. Komai na tafiya sumul har yaran gida suka shigo gaida baƙuwa.

Fatu ce a gaba, 'yar Sodangi mai shekara huɗu, yarinya ce da ba ta iya gaisuwa ba sai da dariya. Tana buɗe baki na ga idon Dada ya tsaya cak. Mu mun saba gani har mun daina gani: haƙoran Fatu na sama duk sun cinye, sai 'yan baƙaƙen kututtura kamar ƙonannen kara. Dada ta kira na biyu ta ba shi dabino, ta leƙa. Ta kira na uku, ta leƙa. Yara shida, babu mai baki lafiyayye.

"Ɗiyan ga duk na gidan ga na?" ta tambaya.

Inna ta ja gefen mayafi ta rufe baki, kamar yadda take yi kullum in za ta yi magana da baƙo. "Nawa na, duk ga hannuna sunka tashi."

Dada ta juyo gare ni. "Taho nan, ɗiyata. Goge furen ga in gani."

Jama'a, ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Na sa bakin zane na goge, na buɗe baki kamar karsanar da aka kai kasuwa. Ta duba sama, ta duba ƙasa, har turame sai da ta leƙa.

"Naki lahiya lau," ta ce. "Amma mu masu shanu mun san abin ga. Saniya ta kan tsallake, maraƙi shi ɗauko." Sai muryarta ta sauka. "Ɗiyata ta hwari, Maimuna, haƙori guda yak kashe ta. Kunci yak kumbura har ido yar ruhe, kwana tara tana kuka. Ba ni iya sake kallon wannan ga jika. Ku yi min haƙuri in yi shawara."

Ta tashi da ƙunshin goronta ba ta kwance ba. Na so in tsane ta, wallahi na so, amma yaya za ka tsani uwar da ta faɗi haka?

Ranar kasuwa Lirwanu ya zo fuska a yamutse, ya sha nono, ya turo faifai. Takardar ta ce: "Dada tac ce tsutsa na cikin jininku. Bayan kasuwa biyu za ta taho ta ba da haƙuri a hwasa. Ba ni ci, ba ni sha." Wai ba ya sha, alhali yanzu ya tashi da ƙoƙo guda! Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, sai da maƙwabciyar ƙwaryata ta tsare mini ciniki.

Tsutsar haƙori ba baƙuwa ba ce a gidanmu. Wanzami ya sha zuwa ya turara wa yara hayaƙi a baki, ya nuna mana wasu 'yan farare a ruwa ya ce ga su nan sun fito, bayan wata guda ciwo ya dawo. An sha rubutu, an ɗaura laya. Kowa ya haƙura an ce gado ne. Amma ni tunda Dada ta tafi tambaya ɗaya ta hana ni sakat: in gado ne, ni 'yar wa ce? Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da Sodangi, shi ga giɓi ko'ina kamar tsohuwar danga, ni ko tabo babu.

Bambancina da shi ɗaya ne. Mahaifiyarmu ta rasu ina cikin tsumma, ƙanwarta ta ɗauke ni ta kai Horo Birni, can na yi haƙora, can na famfare, sai da na shekara tara aka dawo da ni. Ban tashi a hannun Inna ba. Sannan ga Laraba, marainiyar maƙwabta, babu jinin da ya haɗa mu ko na sauro, amma Inna ce ta raine ta don tausayi, kuma bakinta ya fi na Fatu lalacewa. Na juya abin nan a raina har kaina ya yi zafi, ban ga bakin zaren ba.

Sai wata safiya ina dafa madara. Ku da ba ku san aikin ba, ga yadda ake kindirmo: a tafasa madara, a bari ta huce, a ɗiga mata ɗan nonon jiya, a rufe ta kwana. Wannan ɗigon Inna tana ce masa iri, kuma irin nata tun na kakarta ne, daga ƙwarya zuwa ƙwarya, bai taɓa yankewa ba. To, hankalina yana Shagari, na ɗanɗana madarar da ludayi, na mayar da shi ciki ban wanke ba.

"Ke!" Inna ta daka mini tsawa daga bakin ɗaki. "Sau nawa za ni hwaɗa miki? Ba a maida ludayin da yash shiga baki! Baki na da nashi iri, shi ka kashe madara. Zubar ma kare!"

Na ɗauki ƙwaryar zan fita ina gunaguni, sai na waiwaya. Inna ta karɓi Ɗantani daga hannun Hauwa'u ta ɗora a cinya. Wata bakwai gare shi, haƙora biyu sun fito masa a ƙasa, farare tas kamar tsabar shinkafa. Ta jefa dabino a baki, ta ƙara da ɗan gumba mai zuma, ta juya ta mammatsa shi da dasashi da sauran haƙoranta har ya yi laushi, ta lakato da yatsa ta sa masa. Yaro yana lashewa yana wuntsila ƙafa, ita kuwa tana yi masa kirari. Haka ta yi wa Fatu. Haka ta yi wa Laraba, da Sodangi, da duk ɗan da ya taɓa kuka a gidan nan. A unguwarmu har cewa ake yi wanda ya ci taunar Inna ba ya ramewa.

Na tsaya da ƙwarya a hannu, tsigar jikina ta tashi tun daga ƙeya har dunduniya. Baki na da nashi iri. Ita ta faɗa, da bakinta, yanzu yanzu.

Nan ne na yi satar da na gaya muku. Na ajiye ƙwaryar na matso ina murmushin munafunci. "Inna, kawo in ba shi, ki huta." Ta lakato ta shafa mini a yatsa ta juya tana neman wani dabinon, ni kuwa na goge shi a ganye na soke a zane. Allah Ya yafe mini.

Na ɗauko sababbin ƙoƙuna huɗu daga kayan da ake tara mini na aure, waɗanda nono bai taɓa shiga ba. Na sake tafasa madara, na sa mata ɗan zuma, na raba. Na farko ban sa masa komai ba. Na biyu na ɗiga masa irin kindirmo. Na uku na tauna dabino da bakina na sa. Na huɗu na sa taunar Inna. Na rufe kowanne da faifai na tura ƙarƙashin rumbu, inda kaji ba sa kaiwa.

Washegari da hantsi, bayan kowa ya kama aikinsa, na durƙusa na jawo su.

Na farko madara ce, da sauran zaƙinta. Na biyu ya kama ya yi kindirmo mai kyau, kamar kullum. Na uku, nawa, ya fara juyawa, da ɗan tsami a bayan harshe. Na ɗaga faifan na huɗu, warin ya riga idona isa. Madarar ta tsinke, ruwa daban, gudaji daban, kuma warin nan na san shi, shi ne warin bakin Fatu in ta tashi daga barci. Na lakata na ɗanɗana, nan take haƙorana suka mutu kamar na tsotsi ɗanyar tsamiya.

Subhanallahi! Na zauna daɓas a ƙasa. Ashe akwai wata halitta da ido ba ya gani, tana zaune a bakin ɗan Adam tana cin abin da yake ci, in ta samu zaƙi ta mayar da shi tsami, tsamin kuma ya zauna a kan ɗan haƙorin jariri dare da rana yana ci. Tana tashi daga baki zuwa baki kamar yadda iri ke tashi daga ƙwarya zuwa ƙwarya. A bakina ma akwai ta, ga shaida a ƙoƙo na uku, sai dai ta Inna ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Na taɓa leɓena ina jin tsoro da mamaki a haɗe, wai ni Kaltume ina yawo da garke guda a baki ban sani ba, ba a kiwonsa, ba a kai shi mashaya. Na kalli hannuna, na kalli ƙasa, na kalli ruwan randa, na ce to su kuma me ke cikinsu? Ban taɓa jin girman Ubangiji ya danne ni irin na safiyar nan ba, a gindin rumbu, tsakanin kashin kaji.

Sai murna ta zo. Ba jini ba ne! Lirwanu nawa ne! Har na miƙe zan nemo tawada.

Sai kuma na koma na zauna. Ku gaya mini, a garin nan, in aka ce bakin tsohuwa ke cinye yara, wane suna ake kiranta da shi? Ba sai na faɗa ba. Na taɓa ganin wadda aka kira da sunan nan, an hana ta rijiya, yara na jifanta, ta mutu ita kaɗai a bukka bayan gari. Magana in ta fita daga Boɗinga ta kai Shagari, kafin ta dawo ta yi ƙaho. Ba wanda zai tsaya jin zancen ƙoƙuna. Matar da ta tauna wa marayu abinci shekara hamsin, ita zan miƙa don in yi aure?

Na zubar da madarar a bayan danga, na ɗauraye ƙoƙunan na mayar cikin kaya. Ranar kasuwa ni na fara sa takarda a ƙarƙashin faifai: "Ka bi maganar Dada. Allah Shi haɗa kowa da rabonshi." Lirwanu bai jira ya je gida ba, a gabana ya karanta.

"Kaltume, mi na na wanga?"

"Abin da kag gani."

"Dube ni. Kin san wani abu."

"Ban san komi ba. Tashi, kana tare min masu saye."

Ya tashi. Ranar ce kaɗai ya bar nono a ƙoƙo.

Ni a wautata na ɗauka na binne magana. Na manta da wa nake zaune. Kwana biyu bayan nan na dawo daga rijiya na tarar da Inna zaune a inuwar rumbu, ƙoƙunan nan huɗu jere a gabanta. Ashe ta je duba kayan ne ta ga abin da za a yi da su tunda aure ya lalace, hancinta ya kama.

"Wa yal lalata sabbin ƙoƙuna?" Ta ɗaga ɗaya ta sansana. "Wanga madara ta zalla." Ta ɗaga wani. "Wanga irina na, ko cikin barci na san shi." Ta ɗaga na uku ta yamutsa fuska kaɗan ta ajiye. Ta ɗaga na huɗu, ta daɗe da shi a hanci. "Wanga hwa? Mi kis sa ciki?"

Na yi niyyar ƙarya, amma ba a yi wa Inna ƙarya a kan nono. Na sauke tulu na durƙusa na faɗa mata duka, tun daga ludayi har ganyen da na soke a zane. Ina faɗa ina kuka, ita kuwa ko ƙiftawa ba ta yi.

"Wato ni ka cin ɗiyana," ta ce a hankali. "Mayya ke nan."

"A'a Inna! Wallahi a'a! Ga bakina ma akwai, ga bakin kowa akwai! Ban hwaɗa ma kowa ba, kuma ba ni hwaɗi har in mutu."

"Tashi ki ba ni wuri."

Kwana uku ba ta yi mini magana ba. In na kai mata ruwa sai ta kau da kai. Amma na lura da abu biyu. Ɗantani in ya miƙo hannu sai ta ce da Hauwa'u kanta na ciwo. Sannan ƙoƙuna huɗu sun ɓace daga jerenta.

Ranar da Dada ta ce za ta dawo, ban yi kwalliya ba, tsohon zanen aikina ne a jikina. Ta iso da hantsi, ba ƙunshin goro a hannu, aka shimfiɗa mata tabarmar nan dai. Ina daga cikin ɗaki ina leƙe ta asabari. Ta fara jera kalaman ban haƙuri masu daɗi, irin na manya, sai Inna ta ɗaga hannu.

"Dakata, Mairama. Ke mai nono ta, ni mai nono ta. Kaltume, ɗauko abin da ag ƙarƙashin gadona."

Na je na leƙa. Ƙoƙuna huɗu ne rufe da faifai. Na fito da su ina tuntuɓe, na jera, na raɗa mata, "Inna, don Allah, don Annabi, kar ki yi." Ta ture ni da gwiwar hannu.

"Jiya nid dahwa madara guda, nir raba huɗu. Buɗe ki hwaɗa min."

Dada ta buɗe na farko ta ce madara. Ta buɗe na biyu ta ɗanɗana, har sai da ta gyaɗa kai don daɗi. Na uku Inna ta ce taunar Hauwa'u ce a ciki, Dada ta ce ya fara juyawa. Ta buɗe na huɗu ta ja da baya.

"Wanga mi anka sa mai?"

Inna ta kai hannu ta sauke mayafin da take rufe baki da shi. Tunda nake ban taɓa ganin ta yi haka gaban baƙo ba. Ta buɗe bakinta gaba ɗaya a cikin hasken rana, ga kututtura baƙaƙe, ga dasashi ja, ta bari aka gani sosai.

"Taunata ta. Duk ɗan da kig gani rannan, ni nit tauna mai. Laraba ba jinina ba ta, nit tauna mata, nata sun ɓaci. Kaltume jinina ta, ban tauna mata ba, kin ga nata. Ba jini ba na, Mairama, iri na, kuma ga bakina shi ke. Shekara hamsin ina zuba iri ga ƙwarya ban taɓa ganin ƙwayarshi ba, kuma ban taɓa musun akwai shi ba. Tsarki ya tabbata ga Wanda Yay yi abin da ido ba shi gani. In za a kira ni da wani suna, a kira. Amma kar a aza ma yarinyar ga."

Hauwa'u ta ƙanƙame Ɗantani. Ni ina jiran Dada ta zabura ta yi a'uziyya ta nemi jakinta. Ba ta tashi ba. Ta kalli ƙoƙon, ta sake jawo shi ta sansana, irin sansanawar wadda ta san aikin. Sai na ga hannunta yana tafiya a hankali har ya rufe nata bakin.

"Da zuma," ta ce, muryar kamar ba tata ba. "Maimuna ba ta son komi sai da zuma. Ni nika tauna mata. Lokacin ina da wani turmi da ka yi min ciwo, nan, wanga gehe." Ta danna kuncinta. "Shekara ashirin da biyar ina cewa dangin ubanta sunka ba ta."

Wayyo, 'yan uwa. Na nemi a wanke gidanmu, ban san wankin zai zuba a kan kabarin wata ba. Dada ta kife kai a gwiwa, kafaɗunta na rawa. Inna ta ja jiki ta matsa kusa da ita ta dafa bayanta.

"Ba mu sani ba, Mairama. So munka ba su, shi yat taho da abin da yat taho da shi."

Sun daɗe a haka, tsofaffi biyu a kan tabarma ɗaya, ƙoƙuna huɗu a gabansu. Da Dada ta ɗago, ta share fuska da gefen gwado, ta kwance bakin zanenta ta fito da goro ɗaya fari, na cinta na hanya. Ta ɓare shi biyu ta miƙa wa Inna rabi.

"Na baro ƙunshin gida," ta ce. "A riƙe wanga kahin Lirwanu shi kawo sauran." Ta dube ni ido jawur. "Ke kuma, in Allah Ya ba ku, ko ni kig gani za ni kai abu bakin ɗanki daga nawa, ki buge min hannu."

Ya kamata in yi guɗa a zuci, ko ba haka ba? Na samu abin da nake so. Amma daidai lokacin Ɗantani ya farka da kukan yunwa, ya hango Inna, ya miƙa hannu biyu yana zillo. Kwana huɗu rabonsa da cinyarta. Ta karɓe shi. Hannunta ya tafi da kansa cikin ƙoƙon dabino, ya ɗauko ɗaya, ya kai har leɓenta. Nan ya tsaya.

Yaron ya kafe bakinta da ido, ya buɗe nasa yana jira, 'yan haƙoransa biyu na walƙiya.

Inna ta sauke hannun. Ta juya fuskarta gefe don kar ya ga bakin, ta miƙo mini dabinon ba tare da ta kalle ni ba.

"Kaltume, ɗauko ɗan turmin magani. Ki wanke shi da ruwan zahi tukuna."